Ƙarshen Littafin Malam Jibo

"Yau kam sai kin ba ubanki amsa," in ji Inna Uwani. "Mutanen Malbaza na bisa hanya. Ana sallame la'asar suna ƙohwar gidan ga."

Tsahara ba ta ɗago kai ba. Tana zaune a bakin gado da kaset a hannu, tana ta juya shi kamar mai neman inda ya tsage. Kwana goma sha ɗaya ke nan da kaset ɗin ya shigo gidan, kuma tun daga ranar abinci bai ƙara yi mata daɗi ba.

"Inna, ku ƙara mini ko mako guda."

"Mako nawa munka ƙara miki? Shekara ashirin da huɗu gare ki. Sa'o'inki na da ɗiya uku-uku. Hashimu mai haƙuri ne, amma shina da dangi, su kuwa ba su da irin haƙurinai."

"Ni ban ce Hashimu na da aibi ba."

"To mi kike jira? Wanda kike jira ya saida kayanai ya tahi. Duk Kwanni an sani."

Nan hawaye suka zubo. Inna Uwani ta zauna kusa da ita, ta sa bakin zanenta ta share mata fuska. Ita ma ba daɗin abin take ji ba, amma ta gaji da zama tsakanin miji da ɗiya.

"Ki duba ni, ɗiyata. Da shina sonki da gaske, da ya tahi ba sallama?"

"Ya yi sallama, Inna," in ji Tsahara. Ta ɗaga kaset ɗin. "Ga ta nan."

Wanda ake magana a kansa sunansa Hayatu. Mai naɗar kaset ne a kasuwar Kwanni, duk ranar kasuwar Illela kuma ya ɗauko akwatinsa ya zo ya baza. Shekara biyu da suka wuce ya turo kawunsa neman auren Tsahara, mahaifinta ya mayar da su da goronsu. Laifin Hayatu ɗaya ne: ubansa makaɗi ne, kakansa makaɗi ne.

Shi kuwa mahaifin, Mushe Rabo, kamar yadda ake kiran malaman boko a can, shekara talatin ya yi yana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kafin ya huta. Ya ajiye alli, amma bai ajiye jan bik ɗinsa na gyaran rubutun yara ba, kullum yana soke a aljihun gaba. Mutum ne da ba ya iya wuce kuskure. An taɓa ganinsa ya tsayar da mai shago a tsakiyar rana don ya gyara masa rubutun allon ƙofa, alhali ko allura bai saya ba.

Abin takaicin, shi da kansa ya haɗa su. Suna aji shida ya ƙirƙiro wa yara wani wasa. Zai rubuta sunayen waƙoƙi uku ko huɗu a allo, irin waɗanda kowa ke ji a rediyo, sai yara su gano wane marubucin dā ne rayuwarsa ta yi daidai da su. In ya rubuta "Marinar Bayan Gari", da "Rini Ya Kama Hannuna", da "Shuni Ya Yi Tsada", to Malam Ishaku ne, wanda ya tashi a gidan marina kafin ya kama alƙalami. Yara biyu ne kullum hannunsu ke sama: ɗiyarsa, da ɗan makaɗin nan. Kafin ƙarshen shekarar uban Hayatu ya rasu, yaron ya bar lakwal.

Da aka hana su ganin juna, sai suka koma wa wasan. Mushe Rabo ya ba gidan samari na Illela tsofaffin littattafansa lokacin da ya huta, aka jera su a wani ɗaki da tsoho Chindo ke gadi, ko a ce yake gyangyaɗi. Ranar kasuwa Hayatu zai shiga ya sa wasiƙa a cikin littafi ɗaya. Daga nan ya ba Mariyama, abokiyar aikin Tsahara a buro, wato ofis, kaset da sunayen waƙoƙi a takardar bayansa. Tsahara ta gano marubucin, ta je ta ɗauki wasiƙarta, ta bar amsa a wurin. Wata goma sha huɗu suna haka, ba ta taɓa kuskure ba.

Sai wannan kaset ɗin. Waƙa huɗu ce a kansa: "Na Bar Gida Da Damina", "Raƙumina Ya Kasa", "Shekara Bakwai Cikin Rairayi", da "Ban Koma Ba".

Marubuta biyu ne suka bi ayari suka rubuta tafiyarsu. Akwai Malam Jibo ɗan Tanimun, akwai Alfa Bilal. Dukansu da damina suka bar gida, dukansu sun daɗe a hamada. Amma kowane yaro da ya zauna a ajin Mushe Rabo har ƙarshe ya san Malam Jibo ya dawo ya mutu a ɗakinsa, Alfa Bilal ne rairayi ya cinye. Waƙa ta huɗu ta raba gardama.

Ta je ta buɗe littafin Alfa Bilal. Babu komai. Ta girgiza shi, ta bi shi shafi-shafi. Washegari ta koma, jibi ma ta koma, har tsoho Chindo ya farka ya tambaye ta ko jarrabawa za ta yi.

Ranar kasuwa ta zagayo. Mariyama ta ce ta hango Hayatu da safe ya shiga ɗakin karatun, ya fito, ya hau mota ko akwatinsa bai kwance ba. Kwana biyu bayan haka labari ya iso cewa ya sayar da na'urarsa ya bar Kwanni. A nan Tsahara ta fahimci abin yadda ta iya fahimta: babu wasiƙa domin kaset ɗin ne wasiƙar. Ya gaji, ya tafi, ba zai dawo ba. Zafin da ta ji ya fi na ranar da aka mayar da goro, don wancan karon su biyu ne suke kuka.

"Tashi ki wanke huska," in ji Inna Uwani. "Shina jiranki zaure."

Mushe Rabo na zaune a kujerarsa ta ƙarfe, ya sa farar riga da ya ajiye don manyan ranaku. Tsahara ta durƙusa a gefen tabarma.

"Ga ni, Baba."

"Ban yi miki tilas, kin sani. Ke ba yarinya ce ba, kin yi karatu, kina aikin gwamnati. Amma yau ina son magana guda. Mi zan ce wa mutane?"

Muryarta da ta fito, kamar ba tata ba.

"Ka ce musu na yarda."

"Da zuciya guda?"

"Da wadda ta rage mini, Baba."

Ya yi kamar bai ji wannan ba. Ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙe ƙafafu, fuskarsa ta saki irin sakin da ba ta yi ba cikin shekara biyu.

"Allah shi yi miki albarka. Za ki gode mini wata rana. Hashimu ya yi karatunai har ƙarshe, shi ka tsara tashin kamyon, manyan motocin siminti na Malbaza, ana tashi tsaye in ya shigo buro. Wancan kuwa, ban ƙi shi don mugunta ba. Yaro ne mai kai, na sani, ni na koya mishi. Amma rabin karatu wahala ne. A ce mutum ya kai shekara ashirin da biyat bai san Malam Jibo ya koma gida ba?"

Ya yi 'yar dariya, ya girgiza kai.

Da Mushe Rabo ya iya haɗiye gyara sau ɗaya a rayuwarsa, da wannan ce ranar. Amma bai iya ba.

Tsahara ta ɗago a hankali.

"Baba, wa ya hwaɗa maka bai sani ba?"

Dariyar ta tsaya.

"Magana ce dai."

"A'a, Baba. Shekara biyu ba ka yi magana da Hayatu ba. Ni kaina ban san haka ba sai yanzu. Ina ka ji?"

"Tsahara, tashi ki shiga ki shirya."

"Ban tashi." Ta matso kusa da shi. "Malam Jibo ya ke nuhi. Littahin Malam Jibo ya sa ta. Akwai wasiƙa, ko? Baba, don Allah ka dube ni. Akwai wasiƙa?"

Inna Uwani ta leƙo daga bayan labule. Mushe Rabo ya dubi matarsa, ya dubi ɗiyarsa. Yana da taurin kai, amma bai taɓa iya yin ƙarya ido da ido ba. Ya sa hannu a aljihu, ya zaro takarda a ninke, ya ajiye a kan tabarma.

"Kin bar kaset bisa rediyo," ya ce. "Wasan nan ni na ƙago shi. Kuna zaton ban gane rubutun ɗan ajina? Na karanta waƙa ta huɗu, na ce ɗiyata za ta tahi wajen Alfa Bilal, don na koya mata daidai. Shi kuwa littahin gidan samari kawai ya karanta, wanda ƙarshenai ya ɓalle. Labarin ya tsaya cikin hamada, sai ya ɗauka nan mutumin ya ƙare. Na riga ki zuwa, na buɗe littahin Malam Jibo, na ɗauke ta."

Tsahara ta buɗe takardar da hannu biyu.

Hayatu ya rubuta cewa ya ji an sa ranar zuwan mutanen Malbaza. Ya ce ba zai ce ta saɓa wa mahaifinta ba, amma in har tana son ya jira, ta bar masa ko kalma ɗaya a cikin littafin, zai jira ko shekara nawa ce. In ya dawo ranar kasuwa ya tarar ta ɗauki wasiƙar ba ta bar komai ba, ya gane. Zai hau mota zuwa Agadas, ya yi mako guda a tasha har motar Libiya ta cika. A ƙasa ya rubuta: "Na zaɓi littafin nan don ni ma irinsa zan zama. Shi bai koma ba, ni ma ba zan koma ba."

A gefen wannan layin akwai jan rubutu, ƙanana, a tsare. An ja layi a ƙarƙashin maganar, an rubuta: "Ba haka ba ne. Ya koma."

Ta karanta jan rubutun sau biyu. Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ya fita da ƙara.

"Ka gyara mishi," ta ce. "Ka zauna ka gyara mishi, Baba, amma ba ka ba ni ba."

"Na yi abin da uba za shi yi."

"Ya zo ya iske babu wasiƙa babu amsa. Shina can shina ganin na karanta na yi shiru. Ni kuma ina nan ina ganin ya yada ni. Kwana goma sha ɗaya kana kallona ban cin tuwo, takardar ga na aljihunka."

"Na gani. Ba daɗi na ji ba."

"To don mi?"

"Don jikana ba shi rataya kalangu," ya ce, muryarsa ta ɗan hau. "Shekara talatin na yi ina hidda ɗiyan mutane daga duhu. Ban yarda a wuce da ɗiyata gidan da a ka yi wa mutane kirari a jehwa musu kuɗi ba."

"Hayatu bai taɓa kiɗi ba."

"Jini ne."

"In jini ne, don mi ka ke sa shi gaban aji? Don mi ka ke ce wa sauran su yi koyi da shi? Ya isa a yi koyi da shi, bai isa ya zauna zauren ga ba?"

Inna Uwani ta matso. "Tsahara, ubanki ne."

"Na sani, Inna. Shi ya sa abin ya yi mini ciwo. Da wani ne da na iya ƙin shi."

Can bayan gida akuya ta yi kuka. Tsahara ta goge idonta da bayan hannu, ta sake duban mahaifinta.

"Ina ƙarshen littahin?"

"Mi?"

"Ka ce ya ɓalle. Kai ka ba da littahin. Ina ƙarshen ya tahi?"

Mushe Rabo ya kau da kai. Ya amsa a hankali.

"Shina ƙasan akwatina. Ɗinkin ya kwance tun ban ba da shi ba. Na yi ta cewa zan kai a manna."

"Shekara nawa?"

"Shida."

"Ashe rabin karatun da ka ke mishi dariya, kai ka riƙe rabin."

Ya sunkuyar da kai. A shekarunta ashirin da huɗu ba ta taɓa ganin an yi wa mahaifinta gyara ya yi shiru ba, kuma ganin hakan bai sanyaya mata zuciya ba ko kaɗan.

Ta tashi ta shiga ɗakinsa, abin da ba ta taɓa yi ba sai an aike ta. Akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gado. Ta janyo shi, ta kwashe tsofaffin kaye, littattafan rubutun yara, da takardun yabo. A can ƙasa ta same su, shafuka goma sha ɗaya, sun yi ja, zare na reto a gefensu. Ta san abin da ke ciki da ka. Malam Jibo ya shigo garinsu da hantsi a kan jakin aro, gemu fari fat, karnuka na haushinsa. Ba wanda ya gane shi sai matar da ya bari, ta gane shi da tafiyarsa.

Ta ɗauko ambulan daga jakarta ta buro, ta sa shafukan a ciki. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. A baya ta rubuta: Hayatu mai kaset na Kwanni, tashar motar Libiya, Agadas.

Sai ta tsaya da ambulan a hannu, ta yi lissafi. Kwana huɗu ke nan da ya tafi, saura uku. Gidan waya ba ya buɗewa sai gobe, kuma wasiƙa takan yi kwana goma a hanya. Motar Badagishiri, inda ake tarar manyan motoci, ta tashi tun azahar. Babu abin da zai kai takarda Agadas cikin kwana biyu sai kamyon siminti. Shi kuwa kamyon siminti, mutum ɗaya ta sani da ke da iko a kansa.

Ladan ya kira la'asar.

Ana idar da salla aka ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Dattawa uku suka fito da manyan riguna, ɗaya na riƙe da huhun goro. Mushe Rabo ya tarye su, muryarsa ta dawo daidai kamar ba abin da ya faru. Suka shige zaure. Hashimu ya kawo su, amma kamar yadda aka saba, ya zauna a cikin mota yana jira.

Inna Uwani ta riƙe hannun ɗiyarta a tsakar gida.

"Kar ki kunyata mu. Kin riga kin ba da baki."

"Ban ce na janye ba, Inna. Sako kawai zan ba da."

"Wa za ki ba?"

Tsahara ta zare hannunta. Ta ja mayafi, ta bi ta ƙaramar ƙofar da ake fitar da awaki, ta zagayo.

Hashimu ya gan ta ta madubi. Ya buɗe ƙofa da sauri ya fito, yana gyara hula. Dogo ne, mai sanyin magana, shekara guda yana zuwa Illela bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ya ga idanunta, murmushinsa ya ragu.

"Lahiya, Tsahara?"

"Yaushe kamyonku na Agadas za shi tashi?"

"Gobe da sahe. Mi ya hwaru?"

"Kwana nawa shi ka yi?"

"Biyu, in hanya ta yi kyau."

Ta miƙa masa ambulan ɗin. Ya karɓa, ya juya shi, ya karanta sunan. Ya karanta har ƙarshe, sannan ya koma farko.

"Kin san abin da kike roƙona?" ya ce.

"Na sani."

"Mi ke ciki?"

"Ƙarshen wani littahi. Ba rubutuna ko ɗaya, kana iya buɗewa."

"In ya karanta, mi za shi yi?"

Hawaye suka sake zubo mata, ba ta share ba.

"Za shi dawo."

"Ni kuma?"

"Ban sani ba, Hashimu. Ban yi maka ƙarya. Na ce wa Baba na yarda, ina ganin an yada ni. Ashe ba a yada ni ba. In ya shiga hamadar nan don abin da ban yi ba, ko na zauna gidanka shekara arba'in, ba ni ce ka aura ba."

Hashimu ya dubi zauren. Daga ciki ana jin muryar babban kawunsa ya fara gabatar da abin da ya kawo su. Ya dubi ambulan ɗin, ya auna shi a tafin hannu. Tsahara ta zuba wa fuskarsa ido tana neman ko fushi ne, ko tausayi ne, ko mene ne, ba ta samu komai ba.

Ya ninke ambulan ɗin biyu, ya sa a aljihun ciki, ya ɓalla maɓalli.

"Za ka ba direba?" ta ce.

"Shiga gida, Tsahara. Mutane na kallonmu."

"Hashimu, don Allah. Za ka ba shi?"

Ya koma cikin mota ya zauna, ya ja ƙofa. Hannunsa na dama na kan aljihun, bai ɗauke ba.

A cikin zaure ta ji muryar mahaifinta, a tsare kamar yana gaban allo:

"Mun ba ku. A yi Fatiha."